Littafin Masunci

   

Hirarmu ta yau ta masunta ce. Mutanen tabkin Madarunfa a jihar Maraɗi, da na Tabalak a jihar Tawa, da na Gidimuni a jihar Damagaram, da Sarkawan bakin kogin Isa tun daga Yamai har Gaya, ku matso kusa da akwatin rediyo. Mata masu sayen kifi, ku soya ko ku yi banda, ku ma da ku ake.

Ɗan uwa masunci, bari mu fara da tambaya. Bara war haka, kilo nawa na kifi kake kamawa a rana? Da taru nawa? A wane gefen tabki? Nawa ka sayar da kilo? In ka yi shiru kana tunani, ba laifinka ba ne. Kai yana riƙe ranar da aka yi babban kamu, yana riƙe ranar da jirgi ya kife. Amma sauran ranaku, waɗanda su ne suka fi yawa, duk sai su bi ruwa. To, yanzu ka iya karatu, ka iya rubutu, ka fara lissafi. Lokaci ya yi da za ka sa wannan ilimi cikin sana'arka. Ka buɗe littafi, kana rubuta layi ɗaya kowace rana. Shi muke kira littafin masunci.

Me ya sa za a rubuta?

Ruwa yana canzawa, kuma ba ya yi wa kowa sallama. A shekarar 1963 faɗin tabkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Gefen Nijar na tabkin ya yi shekaru a bushe, masuntan Gigimi suka bi ruwa zuwa nesa. A watan Yuni na 1985 kogin Isa ya tsaya da gudu a Yamai. A watan Satumba na 2020 kuma, kogin nan dai ya cika har ya kai mita 7, ya ci gidaje da gonakin shinkafa.

Yaya aka yi muka san waɗannan lambobi? Mun san su ne don akwai masu rubutawa. A Yamai akwai ma'aunin ruwa kafe a bakin kogi. Tun shekarar 1929 ake duba shi, ana rubuta inda ruwa ya kai. Mai dubawa ba wani aiki mai wuya yake yi ba. Lamba ɗaya yake rubutawa. Amma da lambar yau ta haɗu da ta jiya da ta shekarun baya, sai ta zama labarin kogi gaba ɗaya.

Abin da ake yi wa babban kogi, kai ma kana iya yi wa tabkin garinku. Babu wanda ya fi ka sanin wannan ruwa, kai da kake shigarsa kullum.

Kayan aiki

Ba su da yawa, ba su da tsada. Ka nemi kaye, wato littafin rubutu irin na ƴan lakkol. Ka nemi fensir. Fensir ya fi bik a wannan aiki, don in ruwa ya taɓa takarda, tawada tana iya bajewa, amma rubutun fensir yana nan. Ka nemi leda mai kauri ka riƙa sa littafin ciki. In da hali, ka sami abin awo mai ƙugiya, irin wanda ake rataya kaya a ga kilo. In babu, ka zaɓi kwando ɗaya ko roba ɗaya, ka kai a auna maka cikinta sau ɗaya, ka san kilo nawa take ɗauka. Daga nan kada ka canza ta.

Kada ka shiga ruwa da littafin. Ka bar shi gida ko bakin gaɓa. Da ka fito, ka auna kifi, ka wanke hannu, ka rubuta tun kafin ka ci abinci. In ka ce sai gobe, gobe za ka rubuta abin da ka zata, ba abin da ya faru ba.

Gidaje shida

Buɗe kaye, ka haɗa shafi biyu, na hagu da na dama. Ja layi biyar daga sama zuwa ƙasa. Ka sami gida shida ke nan. A saman kowane gida ka rubuta sunansa.

Gida na ɗaya: RANA. Rubuta sunan rana da kwanan wata. Rubuta na boko, ka ƙara da na Musulunci. Na boko yana tafiya daidai da damana da rani, shi zai ba ka damar gwada bana da bara. Na Musulunci kuma yana gaya maka ko akwai farin wata ko duhu ne. Masunta da yawa sun lura taru ya fi kamu a daren duhu, musamman in ruwa ya yi garau. Littafinka zai nuna maka ko haka abin yake a naku ruwa.

Gida na biyu: WURI. Rubuta inda ka yi su: bakin gulbi, gindin tsamiya, tsakiyar tabki, cikin kacala. Kowane tabki yana da sunayen wurarensa. Ka yi amfani da su. In kana da wurin da ba ka son kowa ya sani, ka yi masa alama wadda kai kaɗai ka gane. Littafinka naka ne.

Gida na uku: KAYA. Rubuta abin da ka yi aiki da shi, taru ne, ko birgi, ko mamari, ko gura. Rubuta yawansu. In taru ne, rubuta girman idonsa, yatsa biyu ne, ko uku, ko huɗu. In mamari ne, rubuta yawan ƙugiyoyi. Rubuta kuma lokacin da ka sa da lokacin da ka ɗauke. Wannan gida shi ne mutane suka fi mantawa, alhali kuwa in babu shi, sauran lissafin duk ba ya da kai. Za mu ga dalili nan gaba kaɗan.

Gida na huɗu: RUWA DA SAMA. Kalma biyu ko uku sun isa. Ruwa ja ne, ko garau? Da sanyi, ko da ɗumi? Yana ƙaruwa, ko yana janyewa? Iskar gabas ce ta hunturu, ko ta yamma? An yi ruwan sama? Don sanin hawan ruwa da saukarsa, kafa sanda mai ƙarfi a wurin da ba ya bushewa da wuri. Yi mata tsaga-tsaga, tsakanin kowace tsaga santimita 10. Duba ta ran Juma'a ran Juma'a, ka rubuta tsagar da ruwa ya kai.

Gida na biyar: KAMU. Rubuta irin kifi da nauyinsa. Kada ka rubuta "kifi" kawai. Karfasa daban, tarwaɗa daban, giwan ruwa daban, ragon ruwa daban, ƙurungu daban. Kana iya taƙaitawa: KF karfasa, TR tarwaɗa, GW giwan ruwa. Sau ɗaya a mako, auna kilo ɗaya na karfasa, ka ƙidaya guda nawa ne a ciki, ka rubuta.

Gida na shida: KUƊI. Rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. A nan sai a yi hankali. Da baki muna lissafi da dala, amma a takarda ana rubuta tamma. Dala ɗaya tamma 5 ce. In ka ce dala ashirin, rubuta 100. In ka ce dala ɗari, rubuta 500. In ka ce jika, rubuta 1000. Zaɓi hanya ɗaya ka tsaya kanta, kada ka gauraya dala da tamma a shafi ɗaya.

Ga misalin layi biyu, don ka ga yadda ake yi:

Litinin 3 ga Maris. Bakin gulbi. Taru 2, yatsa 3, magariba zuwa asuba. Ruwa garau, iskar gabas. KF kilo 7, TR kilo 3. An sayar 9000, an ci kilo 1 a gida.

Talata 4 ga Maris. Bakin gulbi. Taru 2, yatsa 3, magariba zuwa asuba. Iska mai ƙarfi, ƙura. Kamu 0. Zaren gyara 500.

Ranar da ba a kama kome ba

Dubi layi na biyu da kyau. An rubuta sifiri. Ba abin kunya ba ne. Sifiri ma lamba ce, kuma tana da magana. In ka rubuta ranakun sa'a kaɗai, littafinka zai yi maka daɗin baki, ya ce ruwa cike yake da kifi. Rubuta ranar samu, rubuta ranar rashi. Ranar da ba ka shiga ruwa ba kuma, rubuta "ban je ba", ka faɗi dalili: biki, rashin lafiya, aikin gona. Wanda ya je bai kama ba, da wanda bai je ba, ba ɗaya suke ba.

Kada ka manta da kifin da aka ci a gida, da wanda ka ba maƙwabta, da na sadaka. Shi ma daga ruwa ya fito. A auna shi, a rubuta.

Lissafin da ya fi kowane muhimmanci

Yanzu mun zo ga zuciyar hirarmu. Ku kasa kunne.

Ga masunta biyu. Na farko ya fito da kilo 12. Na biyu ya fito da kilo 18. Wa ya fi samu? Kowa zai ce na biyu. Amma mu duba gida na uku. Na farko taru 2 ya sa. Na biyu taru 6 ya sa. Raba 12 gida 2, ka sami 6. Raba 18 gida 6, ka sami 3. Ashe kowane tarun na farko ya kawo kilo 6, na ɗayan kuwa kilo 3 kawai. Na biyu ya fi kashe kuɗi, ya fi shan wahala, amma tarunsa rabin aiki yake yi.

To, haka za ka gwada bana da bara. Misali, a watan Maris na bara ka shiga ruwa kwana 20 da taru 2, ka kama kilo 200. Raba 200 gida 20, kilo 10 ke nan a rana. Raba 10 gida 2, kilo 5 ke nan kowane taru. A watan Maris na bana ka shiga kwana 20 da taru 4, ka kama kilo 240. Zuciyarka za ta ce an ci gaba. Amma yi lissafi. Raba 240 gida 20, kilo 12 a rana. Raba 12 gida 4, kilo 3 kowane taru. Daga 5 an sauko 3. Kifi bai ƙaru ba, taru ne ya ƙaru.

Sa'an nan dubi ƙidayar karfasa. In bara guda 4 ke cika kilo, bana kuma sai guda 8, to kifin ya ƙanƙance. Manya sun ƙare, an koma kan ƴaƴa.

Waɗannan alamu biyu, raguwar kamun kowane taru da ƙanƙancewar kifi, su ne tabki yake kuka da su. Ido ba ya ganinsu da wuri, don a hankali suke zuwa. Littafi yana ganinsu. Ruwa ba ya tsami banza. In ka gan su, akwai dalili: ko masunta sun yi wa ruwan yawa, ko idon taru ya yi ƙanƙanta, ko yashi ya cike tabki, ko kacala ta rufe shi, ko damana ba ta yi kyau ba. Gida na huɗu, da sandar nan da ka kafa, su za su taimake ka ka gane wanne ne.

Abin da littafi zai koya maka game da kifi

In ka shekara kana rubutu, za ka ga halin kowane kifi a takarda.

Karfasa tana son ruwa mai ɗumi. Lokacin ɗari ba ta cin abinci sosai, ba ta yawo sosai. In ruwa ya yi ɗumi sai ta fara ƙwai. Uwar tana ɗauke ƙwanta cikin baki har su ƙyanƙyashe. In ka kama karfasa da ƙwai a baki, rubuta ranar. Wanda ya kashe ta a wannan hali, ba kifi ɗaya ya kashe ba, ɗaruruwa ne.

Tarwaɗa tana jiran ruwan farko. Da gulbi ya kawo, ruwa ya malala cikin ciyawa, sai ta bi shi ta zuba ƙwai. Lokacin nan kamunta ba wuya, amma kamun nan shi ne cin iri. Tana iya shaƙar iska a saman ruwa, shi ya sa take jurewa in tabki ya janye ya koma taɓo.

Gaiwa kuma, in ruwa ya ƙafe, sai ta shige cikin laka ta kwanta har damana ta dawo.

Giwan ruwa kifi yake ci. Yana son ruwa mai zurfi mai tsabta. In ya fara ɓacewa daga littafinka, duba sandarka, wataƙila zurfin tabki ne ya ragu.

Da bazara, in zafi ya tsananta, ruwa ya ragu, kana iya ganin kifi da asuba sun taso sama suna buɗe baki. Iskar da suke shaƙa cikin ruwa ce ta yi ƙaranci. Rubuta ranar. In ka ga kifi suna mutuwa da yawa, ka gaya wa sarkin ruwa da ma'aikatan ruwa da daji ba da jinkiri ba.

Tsofaffin masunta sun san abubuwa da yawa irin waɗannan, har fiye da haka. Zauna da su, ka tambaye su. Ware shafukan ƙarshen kaye, ka rubuta abin da suka gaya maka: shekarar da tabki ya ƙafe, irin kifin da ake samu da, wanda yanzu babu. Ilimin da ke cikin kai yana tafiya da mai shi. Wanda ke cikin takarda yana jiran jikoki.

Littafi da bashi

Masunta da yawa da bashi suke samun taru. Ɗan kasuwa ya ba ka kaya, kai kuma kana biyansa da kifi. Wata ya wuce, wata ya zo, ba ka san nawa ka biya ba, ba ka san nawa ya rage ba. Daga nan rigima take tashi, zumunci ya ɓaci.

Ware shafi ɗaya don bashi. A sama rubuta rana, da abin da ka karɓa, da kuɗinsa. Duk ranar da ka ba da kifi, rubuta kilo nawa, a kan nawa, ka cire daga bashin. Ka rubuta a gabansa, ka karanta masa. Misali, taru na 30,000. Ka ba da kilo 5 a kan 1000, an cire 5000, saura 25,000. Ba rashin yarda ba ne. Shi ma hankalinsa zai kwanta, kai ma naka.

Ke kuma ƴar uwa mai banda, ga naki lissafi. Kifi yana rage nauyi ƙwarai a kan wuta. Auna shi ɗanye, ki rubuta. Auna shi bayan ya bushe, ki rubuta. Misali, kin sayi kilo 9 a kan 9000, kin sayi itace na 1500. Kin kashe 10,500. Bayan banda ya koma kilo 3. Raba 10,500 gida 3, kin sami 3500. In kin sayar da kilo ƙasa da 3500, kin faɗi, ko da hannunki cike yake da kuɗi. Wahalarki ma ba a sa ta cikin lissafin ba tukuna.

Littafi ɗaya, littafi goma

Tabki ba na mutum ɗaya ba ne. Littafinka yana ba da labarin jirginka. Littafin mutum goma yana ba da labarin tabki. A ƙarshen kowane wata, ku ƴan aji ɗaya ko ƴan kopiratif ɗaya, ku taru gaban sarkin ruwa. Kowa ya faɗi lamba uku: kwana nawa ya shiga, da kaya nawa, kilo nawa ya kama. Ba sai kowa ya faɗi wurinsa ko kuɗinsa ba. Wanda ya fi iya lissafi ya haɗa su a babban littafi.

Da wannan littafi za ku iya yanke shawara da hujja. Yaushe ya kamata a rufe tabki kifi ya hayayyafa? Wane idon taru za a bari? In an zuba ƙananan kifi cikin tabki, kamar yadda ma'aikatan ruwa da daji sukan yi, wata nawa za a jira kafin a buɗe su? Bayan an buɗe, an ga amfanin jiran ko ba a gani ba? In babu rubutu, mai babbar murya shi ke rinjaye. In da rubutu, sai a buɗe a duba. Gani ya kori ji.

Haka kuma in za ku je neman taimako, ko na yashe tabki, ko na sare kacala, ko na zuba kifi. Wanda ya ce "kifi ya ragu", za a ce masa Allah ya kyauta. Wanda ya ce "daga kilo 5 kowane taru mun sauko kilo 3, ga littafi", dole a zauna a saurare shi.

Ku tuna kuma, dokar ƙasa ta hana kamun kifi da guba ko da abin fashewa, kuma mai sana'ar su yana bukatar takardar izini. Ajiye takardarka cikin leda ɗaya da littafinka.

Wani zai ce, arziki na Allah ne, me ya kawo ƙidaya? Gaskiya ne, arziki na Allah ne. Amma manomi yana ƙidaya dammunan geronsa kafin ya sa a rumbu, makiyayi yana ƙidaya dabbobinsa da maraice. Sanin abin da aka ba ka, da kula da shi, yana cikin godiya.

Aikin wannan mako

Na ɗaya: ja gidaje shida cikin kayenka, ka rubuta sunayensu da manyan baƙaƙe.

Na biyu: rubuta sunayen kifi biyar da ake samu a ruwan garinku.

Na uku: masunci ya sa taru 3, ya kama kilo 15. Kilo nawa kowane taru ya kawo?

Na huɗu: an sayar da kifi dala ɗari uku. Wace lamba za a rubuta a gidan kuɗi?

Na biyar: cika layi bakwai, ɗaya kowace rana, daga yau har mako ya zagayo.

Ku kai aikinku wurin malamin ajinku ya duba. In hannu yana rawa, in baƙi ya karkace, ba kome. Wanda bai iya rubuta kalma duka ba, ya rubuta lamba, ya zana kifi a gefenta. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Nan za mu tsaya yau. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ba da amsoshin lissafin nan. Allah ya ba da sa'ar kamu, ya tsare mu daga sharrin ruwa. Ku huta lafiya.